Saƙo a Kwantenar Kawu

A shekarar da ta gabaci korona ina aiki a wani kamfanin jiragen ruwa a tashar Jebel Ali ta Dubai, a ɓangaren da babu mai ƙaunarsa. Mu ne masu bin diddigin kaya kafin a loda su, mu ne masu cewa kwantena kaza ta dakata. Direbobi suna zaginmu da yarensu, 'yan kasuwa suna zaginmu da namu. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, ba a faɗa mini magana in kwana da ita.

Da aka ɗauke ni aikin an zaunar da mu a wani ɗaki mai sanyin tsiya, wata Baturiya mai furfura ta yi ta yi mana bayani. Ta ce ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyoyi don kada makaman ƙare-dangi su yaɗu, na nukiliya da na guba da na ƙwayoyin cuta. Ta ce mai neman haɗa irin wannan makami ba ya shiga kanti ya ce a naɗe masa guda. Famfo zai saya a wannan gari, bututu a wancan, sinadari a wata ƙasa, kuma kowanne abu ne da mutanen kirki suke amfani da shi kullum. Shi ya sa tambaya ɗaya ake so mu riƙe da kyau: wa zai yi amfani da kayan nan a ƙarshe, kuma a ina. Ina rubutawa ina hamma. A raina na ce ina ruwan Bakanuwa da nukiliya, mu da wutar lantarki ma ta gagare mu.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya kawo ni Dubai karatu, shi ya riƙe ni har na sami aiki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai uwata. Ofishinsa na kargo yana Al Khabaisi, a saman wani shagon tayoyi, ɗaki biyu ne da kujerun roba da butar shayi da ba ta hucewa. 'Yan kasuwar Kano su zo su yi sayayya, wannan shadda, wannan turare, wancan kayan waya, duk a tara a sito, Kawu ya cika kwantena ya tura da sunansa shi kaɗai. A takarda duk abin da ke ciki nasa ne. Haka kowa yake yi, kuma an yi shekara da shekaru ana yi ba wanda ya ji ko ciwon kai.

Sai kuma saƙo. Saƙo daban yake da kayan ciniki. Mutumin da kake jin nauyinsa zai ce ga ɗan saƙo a sa masa a kwantena, kai kuma ka ce to. Ba a buɗewa, ba a tambaya. Tambayar ma zagi ce, kamar ka dubi idon mutum ka ce ba ka yarda da shi ba. Na sha yi wa Kawu mita a kan wannan, in ce wata rana za a ba shi kububuwa a kwali ya sa hannu ya karɓa. Sai ya yi dariya ya ce Turawa sun lalata masa uwa, yanzu ko gaisuwa aka aiko mini sai na sa ta a na'ura kafin in amsa.

Wata safiya, farkon mako, shugabata ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ba'indiya ce mai magana ƙasa-ƙasa, ba ta rufe ƙofa sai da dalili. Ta ce an tsare wata kwantena a tashar. Na'urar haska kaya ta nuna wasu duro-duro a can ƙurya, bayan dilolin shadda, alhali an rubuta kayan sawa ne da kayan gida. An buɗe, an gwada, an tarar da wani sinadari da ba a fitar da shi daga ƙasar sai da izini, sai kuma an san mai shi. Ta ce ta san na san mai kwantenar, saboda haka kada in kusanci maganar a wurin aiki ko da wasa. Kwantenar Kawu ce, ta ce an riga an karɓe fasfonsa. Na tsaya ina kallon bakinta kamar ban taɓa jin Turanci ba.

Da aka tashi na hau jirgin ƙasa na metro na nufi Al Khabaisi. Na tarar da takalma har bakin matattakala. Kawu yana zaune a kujerarsa da carbi a hannu, an sallame shi ya dawo, amma ba zai bar ƙasar ba, kuma za a sake kiransa. Kowa a ɗakin da fatawarsa. Wani mai kayan waya, wanda bai taɓa jin maganar da ba shi da sani a kanta ba, ya ce ai abin nan maganin jima ne, majema ke zuba shi su tuge gashi daga fata, a Kano ba wanda yake kallonsa sau biyu. Wani ya ce tara kawai ake nema, a biya khalas, shi ke nan. Wani ya ce a yi saukar Alƙur'ani. Gaskiyarsu, maganin jima ne. Amma na san abin da ba su sani ba, cewa sinadarin nan yana cikin abubuwan da ake haɗa iska mai guba da su, irin wadda aka taɓa shaƙe garuruwa da ita, kuma masu binciken ba kyawun halin mutum suke tambaya ba. Da na faɗi haka sai mai kayan wayar ya ce a ƙyale ni, karatu ne yake ɗibata. Na tambaye shi ko zai ara wa Kawu fasfonsa, tunda ya fi hukuma sani. Kawu ya harare ni, na ja bakina.

Amma kafin in tafi sai da na tambaya, a gaban kowa, duron na waye. Nan fa kowa ya tuna da shayinsa. Wannan ya duba waya, wancan ya ce lokacin salla ya yi. A take na gane duk sun sani, kuma duk sun yanke cewa ba daga bakinsu za ta fito ba.

Lauyan da muka ɗauka Basudane ne, dogo, ba ya shafa wa magana mai. Ya zaunar da mu ya ce abu biyu ne. In Kawu ya faɗi mai kayan, aka tabbatar shi ɗaukowa kawai ya yi bai sani ba, to tara ce, watakila da rufe ofis. In ya yi shiru, kayan sun zama nasa kamar yadda takarda ta ce, wannan kuma gidan yari ne, na shekaru. Ya ƙara da abin da ya fi tayar mini da hankali. Kamfanin da aka ce zai karɓi duron a Legas ba shi da majema, ba shi da ko fatar akuya. Wanda ya sayar da sinadarin a nan ya ce wani baƙo ne ya biya, ba ɗan Najeriya ba, kuma alamu sun nuna Legas zango ce kawai, daga can za a wuce da kayan wata ƙasa. Na dubi Kawu. Mutum ne da ya haura sittin, yana da ciwon suga, in ba a tuna masa allura ba mantawa yake yi. Ya ce wa lauyan ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Lauyan ya ce in fassara masa, na ce ba sai na fassara ba, cewa ya yi ba zai faɗa ba.

Ban sha wahalar gano mai saƙon ba. Akwai mutumin da kullum sai ya zo ofis cin shinkafar rana, tun ranar da aka tsare kwantena ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Ɗan maigidan Kawu ne. Kawu yana ƙarami mahaifinsu ya rasu, aka kai shi Kantin Kwari wurin wani attajiri, shi ya raine shi, ya koya masa kasuwa, ya ba shi jari, ya yi masa aure. Attajirin ya daɗe da rasuwa. Matarsa, wadda Kawu yake kira Inna, mu ma muke kiranta haka, tana nan da ranta a Kano, ta tsufa tukuf, kuma cikin 'ya'yan da ta haifa wannan ɗan kaɗai ya rage mata. Ya kai arba'in amma kullum sabon shiga ne a kasuwa, bana gwal, baɗi motoci, turarensa yana riga shi hawa bene. Ni dai ban taɓa ƙaunarsa ba, shi ma ya sani. Kawu kuwa in ya gan shi maigidansa yake gani. In wannan mutum ya ce ga saƙo, ko dutse ne Kawu zai ɗauka.

An sake kiran Kawu a tsakiyar mako. Na raka shi, na zauna a waje kan benci ina kallon ƙofa. Da suka fito lauya ya ce an yi masa mutunci, har shayi aka ba shi, amma tambayar ɗaya ce aka yi ta juya masa, shi kuma ya yi ta cewa saƙo ne, amana ce, ba zai iya ambaton mai shi ba. Jami'in ya ce bai gane wace irin amana ce mutum zai ɗauki abin da bai sani ba ya tsallaka teku da shi. Ya ba shi zuwa bayan hutun ƙarshen mako ya yi tunani. A mota na yi ta magana, na lallasa, na yi faɗa, na yi kuka. Kawu yana kallon titi kamar da rediyo yake tafiya.

Ranar Alhamis na nemi izini na bar aiki da wuri. A ƙaramin ɗakin ofishin Kawu, inda mata suke salla, na tarar da wata Hajiya mai sayen turare, tsohuwar abokiyar cinikin Kawu. Ta idar, ta naɗe darduma, ta yi magana tana kallon dardumar ba ni ba. Ta ce ta ji wai ɗan maigida zai je Hatta gobe Juma'a shan iska da abokai, su ga duwatsu da madatsar ruwa. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai zuwa shan iska ya kwashe kayansa kaf daga filat ya mayar da makulli ba. Sannan ta ce ita ba ta ce komai ba, ta sa takalmi ta fita. Kowa a Dubai ya san daga Hatta taki kaɗan ne mutum ya shiga Oman.

Na shiga wurin Kawu na tura ƙofa. Shi kaɗai ne, ya kashe fanka saboda sanyin da yake ji a jikinsa kwanakin nan.

Na ce, "Kawu, gobe zai tsallaka. Ka sani?"

Ya ce, "Na sani."

"Ka sani, shi ne kake zaune."

"Ya same ni a masallaci. Ya rantse bai san abin ya kai haka ba, wani ne ya yi masa alkawarin lada in ya samo masa hanya. Na ce ya tafi. In ya isa inda zai isa, inshallah sai in yi musu bayani."

"In ya tsallaka bayaninka ya zama iska. Cewa za a yi ka ɓoye shi har ya gudu. Laifi ɗaya ya zama biyu."

Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Uwata, tuwon uwarsa ne a jikin nan. Shi kaɗai ya rage mata. Da wane bakin zan miƙa shi?"

Na ce, "Shi da wane idon ya dube ka ya sa maka wannan a kwantena?"

Ya ci gaba da jan carbinsa. Na san tsoro yake ji kamar yadda nake ji, amma ya gwammace ɗaurin da a ce a Kwari shi ne ya ba da ɗan maigidansa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushinsa, na ji haushin duk masu shan shayin nan da za su raka shi har ƙofar gidan yari da addu'a sannan su koma su nemi wani mai kargo. Ba zan yi ƙarya in ce tausayin mutanen wata ƙasa da ban sani ba ne ya tashe ni tsaye. Na tuna su, na tuna ba wanda ya damu ya tambayi inda duron za su ƙare. Amma abin da nake gani a idona Kawu ne a kulle, ba mai tuna masa allura.

Na ɗauki jakata. Ya gane. Ya ce, "Ban aike ki ba."

Na ce, "Na sani, Kawu."

Yammacin Alhamis a Deira, yankin da ofishin Kawu yake, ba a gaggawa, kowa ya fito lokaci guda. Na sami tasi da ƙyar, na kira lauya ya ce in same shi a ofishin masu binciken, in yi sauri kafin jami'in ya tashi. Motoci sun cushe, direban yana ta yalla yalla da hannu ta taga, ni kuma ina riƙe da waya ina jira Kawu ya kira ya hana ni. Da ya kira ya ce in dawo, wallahi har yau ban san abin da zan yi ba. Bai kira ba. Wani tunanin ma ya zo mini, cewa watakila shirun nasa izini ne, amma na kore shi, don na san ina neman mai taya ni ɗaukar kaya ne kawai.

Mun sami jami'in yana shirin fita. Saurayi ne cikin farar jallabiya, ya koma ya zauna, ya tambaye ni dangantakata da Kawu, ya tambaye ni yadda aka yi na sani. Na faɗi sunan, na faɗi unguwar da mutumin yake zaune, na faɗi maganar Hatta. Ban ambaci Hajiya mai turare ba, shi ma bai matsa ba. Da muka fito lauya ya ce na yi daidai. Na ce masa ban tambaye shi ba.

Juma'ar nan ban ci abin kirki ba. Na wanke kayan da ba su yi datti ba, na goge ɗaki, na sake gogewa. Duk motsin waya sai na ɗauka na duba. Ranar Asabar da hantsi lauya ya kira ya ce an tsayar da shi a kan iyaka, yana hannu.

Sauran ya ɗauki makonni. Ɗan maigida, da ido ya raina fata, ya faɗi gaskiya cewa Kawu bai san komai ba. Aka ci Kawu tara, aka soke lasisin ofis, aka ce ya tattara ya bar ƙasar, amma bai kwana a gidan yari ba ko sau ɗaya. Baƙon da ya biya kuɗin duron, da ƙasar da aka nufa da su, ba wanda ya gaya mana, kuma ba a tambayar irin wannan. Har yau ban sani ba ko majema ce a wani wuri take jiransu ko wani abin. 'Yan kasuwarmu kuwa suka daina amsa gaisuwata. Mai kayan waya in ya hango ni sai ya tsallaka titi, abin da ban ɗauka asara ba. Na Kawu ne ya dame ni. Ina zuwa kullum in gaishe shi, ya amsa da ka, in ajiye masa abinci, ya ci, in tuna masa allura, ya yi. Magana dai babu.

Ranar da zai tafi na zo in kai shi filin jirgi. An kwashe kujeru, sai kwalaye a jikin bango. Yana tsaye a tsakiyar ɗakin da waya a hannu, a karon farko tun ranar Alhamis ɗin nan ya dube ni sosai. Ya ce Inna tana ta kiransa, bai ɗauka ba. Ya ce ba wanda ya gaya mata. A Kano an ce mata wayar ɗanta ce ta lalace, kowa yana tura wa ɗan uwansa, shi kuma gobe war haka yana gabanta.

Ya ce, "Ni ba zan iya ba. Ke kika iya faɗar abin da mutane ba sa iya faɗa. Faɗa mata."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, da ya yi faɗa da na ji sauƙi. Ya miƙo mini wayar, na ga ya riga ya danna, tana ringin. Kafin in ce wani abu ta ɗauka.

Muryarta siririya, da murnarta, ta ɗauka Kawu ne. Na faɗa mata ni ce. Ta ce a'a, takwarar ƙawarta, uwar kawuna, ce yau, lallai za a yi ruwa. Ta tambaye ni aiki, na ce da godiya. Ta tambaye ni gajiya, na ce babu gajiya. Ta tambayi zafin garin, ta tambayi jikin kawuna, ta tambaya ko har yanzu ban samo mata angon ba. Duk na amsa yadda ake amsawa, lafiya lau, lafiya ƙalau, alhamdu lillahi.

Sai ta ce, "To yaya ɗan uwanki? Kwana biyu wayarsa ba ta shiga. Ya ce mini yana tafe kafin azumi."

Na ɗaga kai. Kawu ya juya mini baya yana kallon titi ta taga. Na zauna a kan kwalin da ke kusa da ni.

Na ce, "Inna, akwai wani kusa da ke?"